Baban Kumfa da Ɗigon Jan Farce

A hawa na biyu na ginin sashen injiniya, can ƙarshen baranda, bayan ofishin da ake jibge matattun kwamfutoci, akwai wani ɗaki mai ƙofa biyu. Ka buɗe ta farko, ka cire takalmi, ka sa hula da farar riga, ka rufe ta, sannan ka buɗe ta biyu. In kuwa ka kuskura ka buɗe su tare ƙura ta shiga, to ka shirya jin muryar Baban Kumfa, don ko Farfesa ne sai ya sha faɗa. Shekara ashirin da bakwai ke nan makullin ɗakin yana aljihunsa. Shi ba dakta ba, shi ba lakcara ba, a takardar aiki ma'aikacin lab, wato ɗakin gwaji, aka rubuta. Amma daktoci goma sha ɗaya ne suka fita ta waɗannan ƙofofi, kuma babu ɗayansu da ya ƙera abin da ya yi bincike a kai da hannunsa.

Aikin nasu, in aka gaya wa mutum a hanya, sai ya ɗauka zolayarsa ake yi. Ruwa suke korawa ta cikin hanyoyin da suka fi gashin kai siranta. Ɗalibi zai zana hanyoyin a kwamfuta, a fitar da zanen a kan wani faifai mai sheƙi, hanyoyin sun ɗan taso kamar jijiyar bayan hannu. Sai Baban Kumfa ya kwaɓa wata roba mai ruwa-ruwa, garau da ita, ya zuba a kan faifan, ya sa a tanderu ta daskare, ya ɓamɓaro ta, ya huda ƙofar shiga da ta fita, ya manna ta a kan gilashi. Shi ke nan an sami 'yar na'ura, girmanta bai kai kwalin ashana ba. A soka mata siririn tiyo, a haɗa da sirinji, a tura ɗigon jini ko na magani, a zauna ana kallo ta madubin ƙara girma.

Abokiyar gabarsu ɗaya ce tak, kumfar iska. Wadda kai ba za ka ma lura da ita a kofin shayi ba, a can ciki ƙatuwar mota ce da ta mutu a tsakiyar lungu. Ta shigo, ta toshe hanya, aikin wata guda ya tashi a banza. An ga maza da gemunsu suna matsar ƙwalla a kan wannan. To shi na'urorin da suka fito daga hannunsa ba sa yin kumfa. Ɗalibai sun yi tambaya har sun gaji, amsarsa ba ta canzawa: "Ku dai ku wanke sirinjinku." Daga nan sunan ya samo asali, ya bi shi har gida, har maƙwabtan da ba su san kan zancen ba suna kiransa da shi. Wasu ma sun ɗauka sabulu yake sayarwa.

Abin da yake yi kuwa, a ganinsa, bai kai a yi zancensa ba. Da sassafe, kafin kowa ya iso, sai ya ciro kwalbar jan farce marar launi daga aljihun ciki, ya tsoma bakin allura, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan faifan, daidai kusa da ƙofar shiga. Ɗigon ya bushe ya zama ɗan tudu. In aka zuba roba a kai, wurin tudun sai ya zama ɗan ɗaki a saman hanya. Kumfa ta taho da gadararta, ta ga sama a buɗe, ta haye ta zauna, ruwa ya wuce ta ƙarƙashinta abinsa. Wurin yana ƙarƙashin tiyo da gam ɗin da ake riƙe tiyon da shi, inda madubi ba ya leƙawa, don haka ba wanda ya taɓa gani.

Ba rowa ce ta sa ya ɓoye ba, kunya ce. A shekararsa ta farko ya taɓa ba wani baƙon lakcara shawara a kan kusurwar wata hanya, mutumin ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Malam, kai dai zuba roba." To, ya ci gaba da zuba roba. Kuma fisabilillahi, a ɗakin da ake cika allo da lissafi, da wane baki mutum zai miƙe ya ce maganin abin yana cikin kayan kwalliyar matarsa? Ita ce ma kaɗai ta san wani abu na faruwa, don tana zaune a kan keken ɗinkinta a falo tana lura da yadda kwalabenta ke ƙafa. "Malam," takan ce, "in kai ne ke shafawa, nuna mini farcen in yaba."

Autarsa a wannan ɗaki ta yi wayo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa Uwata yake ce mata. Makarantarsu tana bayan jami'ar, in an tashi sai ta zo ta jira shi. Tsayinta bai kai madubi ba, sai ya samo akwatin katakon da aka kawo wani famfon tura ruwa a ciki, ya kifa mata ta hau. Ya tura ruwa ja da ruwa shuɗi cikin hanya ɗaya, suka tafi kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe, babu wanda ya shiga cikin wani.

"Baba, faɗa suka yi?"

"A'a. A ƙaramar hanya haka ruwa yake, kowa layinsa yake bi."

"To ka sa su su shirya mana."

Tun daga ranar ya san yarinyar nan ta kamu. Ta girma, ta karanta injiniya, ta dawo ɗakin nan yin digiri na biyu, aka ba ta teburin bakin taga. Allah sarki, waɗannan shekaru biyu! Tare suke fitowa da safe, tare suke tsayawa jiran bas, suna gardama a kan ko zafin ɗaki ne ke haifar da kumfa ko gaggawar ɗalibai. A gida Baba ne da Uwata, a lab kuwa ta ce masa Malam, ya ce mata Injiniya, ɗalibai suna ta dariya. Ta zana na'urar da ke karɓar ɗigon jini ɗaya ta ware ƙwayoyinsa gefe, ruwansa gefe, na'urar ta yi awa shida tana aiki ba tsayawa. Farfesa ya dinga yawo da hoton a waya yana nuna wa duk wanda ya tsaya gaishe shi. Ita ce ta zana, shi ne ya zuba, kuma kamar kullum ya ɗiga ɗigonsa da sassafe bai ce komai ba.

Wannan aikin ne ya buɗe mata hanyar ƙasar waje. Ta tafi da zanen a kwamfutarta, faifan ya zauna a durowarsa. Ta yi digiri na uku a kan lissafin gudun ruwa, ta zama dakta, iyayen suka ce to madalla, sai dawowa. Ina! Ashe a wannan sana'a bayan dakta akwai wata doguwar tafiya. Kwantiragin shekara biyu a wannan gari, a tattara a koma wancan, a rubuta maƙala, a nemi wani wurin tun kafin a gama kwance kaya. Uwar takan ce, "Wannan wane irin aiki ne, an gama karatun duniya amma kullum mutum da akwati a hannu?" Daga baya wani babban lab ya ɗauke ta na shekara uku, musamman don ta raya waccan na'ura tata ta jini. Duk Asabar da hantsi takan kira, a jingina waya da flas ɗin shayi, a ga fuskarta. A tambaye ta aiki, ta ce lafiya lau. Shi kuwa bai taɓa kawo ɗigon a ransa ba. Mutanen da ke da injina na gani na faɗa, me za su yi da jan farce?

Shekara tara yana goge teburin bakin taga. Duk ɗalibin da ya ajiye jaka a kai, sai ya ce masa rana tana ɓata gwaji a wurin, ya koma ciki. Ƙarya ce tsagwaronta, taga tana kallon bangon ɗakin karatu ne, rana ba ta taɓa leƙowa. Akwatin katakon yana nan a ƙarƙashin teburin. Kewa ce ke cin mutumin nan, kewa sosai, irin wadda ba ya iya faɗa ko ga matarsa. Bai nemi komai a duniya ba illa kafin ya miƙa makulli ya sake jin takunta a baranda, ta ce masa Malam, ya ce mata Injiniya. Saura wata takwas ya yi ritaya sai Farfesa ya tare shi a matakala ya ce an ba sashen gurbin lakcara ɗaya, in 'yar tana so, ai ba sai an tsaya dogon bayani ba.

A Asabar ɗin da ta biyo baya ta kira, fuskarta duk ta faɗa. Aka gaisa, sannan ta ce, "Baba, ina ga zan dawo gida."

Daɗi ya rufe shi. Ya daure ya ce, "Lafiya dai, Uwata?"

"Na'urar nan ta ƙi. Shekara uku ke nan ina fama, kunya ce ta hana ni faɗa. A wurinku awa shida take yi, a nan ko minti arba'in ba ta kaiwa, kumfa ta shigo ta kashe komai. Na sa tarkon kumfa irin na kamfani, sai ya shanye ɗigon jinin kafin ya isa ciki. Na canza roba, na canza tiyo, na canza famfo. Shekaranjiya shugabar lab ɗinmu ta tambaye ni, cikin ladabi dai, wai na tabbata awa shida na gani a gida?" Ta ci gaba da cewa, "Saura wata huɗu kwantiragina ya ƙare. Akwai gurbin dindindin da za su ba mutum ɗaya, amma ba za su ba wadda aikinta ya ƙi maimaituwa ba. Ƙila dama can sa'a na ci, Baba. Ƙila ban iya ba."

Tun daga kalmar kumfa ya gane. Zanen da ke kwamfutarta ba shi ne abin da ya ƙera mata ba, ɗan ɗakin nan babu shi a zanen. Maganar tana bakinsa, ba ta fi jimla uku ba. In ya faɗa, na'urar za ta tashi, su riƙe ta can har abada. In ya yi shiru, bayan wata huɗu tana teburin bakin taga. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Gida ai gida ne, Uwata. Farfesa ma ya ce akwai gurbi."

Ranar Litinin ya sa wa kujerar teburin mai ta daina ƙara. Ranar Talata ya canza ƙwan fitilar madubin da ta fi so. Yana yi yana gaya wa kansa ai bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi, kuma shiru ai shi ya saba yi shekara ashirin da bakwai. Asabar ta zo ta kira, aka yi hirar farashin tikiti da abin da za ta sayar da abin da za ta taho da shi. Tana magana kamar mai karanta takardar asibiti. Ya kasa haɗa ido da wayar, ya ce shayi ya ƙone masa harshe. A sati na biyu hankalinsa ya tafi wani wuri yana kan faifan wata ɗaliba, ɗigon ya zame gefe, na'urar ta yi kumfa. Labari ya zaga sashen kafin azahar, wai yau Baban Kumfa ma an ci shi.

Matarsa ce ta tare shi da yamma, ya dawo ya zauna ko takalmi bai cire ba. Ta tsayar da keke.

"Malam, yarinyar nan cewa ta yi ba ta iya ba. Kana ji da kunnenka, ka ce mata gida gida ne. Kai da ko ɗalibin wani ya ce bai iya ba sai ka zaunar da shi. Me ka sani?"

Ya yi ta kewaye-kewaye, ta ƙyale shi har ya gaji, sannan ya faɗa mata duka, har da kwalaben. Ta daɗe tana kallon zaren da ke hannunta.

"Wato kayan kwalliyata ne ke ba mutane dakta, ni ina nan ko na gode ban samu ba." Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. "Ka ga durowar can? Riguna tara ne a ciki, duk shekara ɗaya, da tsohon awonta nake ɗinkawa, ban ma san ko za su shige ta ba. Kada ka ɗauka ka fi ni son ta dawo. Amma za ta zauna gefenka kullum tana ganin kanta maƙaryaciya, kai kana kallonta. Za ka iya?"

Ya cire takalmin ya ajiye su a bakin ƙofa.

Asabar ta uku bayan wancan kira ya ce wa matarsa ta shirya ta raka shi lab. Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa taka ɗakin ba. Ya sa ta cire takalmi, ya ɗora mata hula a kan ɗankwali, ta dubi kanta a gilashin ƙofa ta ce in maƙwabta suka gan ta haka ta shiga uku. Ya buɗe durowa ya ciro faifan 'yarsa, ya sa a ƙarƙashin fitila, ya ba matar waya ya ce ta riƙe daidai nan, kada ta girgiza. Da Uwata ta ɗauka, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Dubi kusa da ƙofar shiga. Kin ga wannan ɗan tudun?"

"Na gani. Datti ne?"

"Jan farcen mamanki ne."

Ya yi mata bayani, ya ɗauki sabon faifai da allura ya ɗiga a gabanta. 'Yar ta ƙura wa ɗigon ido har uwar ta jijjiga wayar tana zaton layi ne ya yanke.

"Tun yaushe kake yin wannan?"

"Tun kina aji biyu na firamare."

"A na kowa?"

"A na kowa."

"Shekara uku, Baba." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Shekara uku ina kwana ina tashi ina zargin hannuna."

"Da sati uku," ya ce. "Shekara ukun ban sani ba, wauta ce da kunya. Sati ukun nan kuwa na sani na yi shiru. So nake ki dawo, Uwata. Shi ke nan dalilin, ba ni da wani."

'Yar ta kashe wayar. Suka zauna su biyu cikin fararen riguna, tanderu yana ta ƙugi. Matar ta ce su tafi gida, ya ce ta ɗan ƙara jira. Wajen minti arba'in sai ga kira. Tana cikin nata lab ɗin, idanu jajur, kwalba sabuwa fil a hannu ɗaya, allura a ɗayan.

"Malam," ta ce, "sake nuna mini. A hankali."

"To, Injiniya. Tsoma bakin kawai. A'a, ya yi yawa, wannan ai ɗakin haya za ki gina mata. Goge ki sake."

Har la'asar suna abu ɗaya. Sai a faifai na shida ɗigonta ya zauna yadda yake so. Hannun uwar ya sage, ta yi ta ƙorafi, amma ba ta yarda ta ajiye wayar ba.

Na'urar ta yi awa bakwai a gwajin farko. Sauran labarin a gurguje ya zo: ta auna ɗan ɗakin, ta yi lissafinsa, ta sa shi a zane yadda kowa zai iya maimaitawa, maƙala ta fito da sunanta a farko, nasa a biye. Farfesa ya kira shi ofis ya yi masa tatas, don yanzu sai ya rubuta wa daktoci goma sha ɗaya wasiƙa cewa akwai abin da babu a zanensu. Da ya gama faɗan ya kwashe da dariya har da buga tebur, yana cewa jan farce, jan farce! Gurbin dindindin kuwa ita aka ba. Ta kira tana kuka tana dariya, ya ce madalla, madalla, Allah ya sa albarka, kuma har ransa yake nufi. Da aka gama ya fita tsakar gida ya daɗe yana duba famfon da babu abin da ya same shi.

Wata lakcara aka ɗauka a gurbin sashen, mai fara'a, ba ta da laifin komai. Da kansa ya nuna mata teburin bakin taga, ya ce wurin yana da kyau, rana ba ta damun kowa. Ranar da ya miƙa makulli aka yi 'yan jawabai, aka ba shi agogon bango. Ya bar musu kwalba uku da allura a durowa, da takardar bayani da rubutun hannunsa. Abu ɗaya ya roƙa a ba shi, akwatin katakon nan, kuma da shi ya hau bas a kan cinyarsa, kwandasta yana tambayar ko kaji ne a ciki.

Yanzu akwatin yana falo kusa da kujerarsa, an tayar da shi a tsaye. Matar ta yi mitar yana tare hanya kwana biyu, daga baya ta ɗinka masa shimfiɗa. Duk Asabar da hantsi a kansa ake jingina waya, don in yana zaune fuskarta takan zo daidai kafaɗarsa. Wani lokaci tana lab, sai ta ajiye tata wayar gefen madubi ta ci gaba da aiki, shi yana kallo, a yi rabin awa ba wanda ya ce uffan. Can sai ya ce, "Sassauta famfon, Injiniya, kina gaggawa." Ta ce, "To, Malam." Ta ce za ta zo hutu in an rufe zango, in an ba ta. In ta kashe wayar yakan jima zaune gefen akwatin bai ɗauke ta ba, har sai matar ta leƙo ta ce abinci fa zai huce.